Wasannin tsalle-tsalle na Super Nintendo: tambayoyi da amsoshi

Super Nintendo, na'urar wasan gem ta kamfanin Nintendo, ta fito a Japan ranar 21 ga Nuwamban 1990 da sunan Super Famicom, ta isa Amurka a 1991, Turai kuma a 1992. Kafin a daina ƙera ta an sayar da fiye da miliyan 49. An yi mata wasanni iri-iri, na tsere da na dambe da na dogon labari, amma na tsalle-tsalle ne suka fi tsayawa a zukatan mutane. Ga tambayoyin da masu son fara buga su, da masu son komawa bayan shekaru, suka fi yi.

Wane irin wasa ake nufi da na tsalle-tsalle?

Shi ne wanda kake ganin ɗan wasanka daga gefe, yana gudu, galibi daga hagu zuwa dama, yana tsallake ramuka, yana hawa tudu da dakali, yana kauce wa abokan gaba ko ya dira a kansu. Akwai masu bindiga a cikinsu, akwai masu bulala, amma idan ka cire tsallen, wasan ya rushe. Da wannan nake ware su.

Da me ake gane mai kyau daga wanda bai kai ba?

Abu biyu nake dubawa, kuma duk hukuncin da zan yanke a ƙasa a kansu ya doru. Na farko, yadda tsalle ke amsa yatsa. Ka danna maɓalli a hankali ya yi gajeren tsalle, ka riƙe ya yi dogo, ka juya shi yana sama ya bi ka. Idan ka faɗa rami, ya kamata zuciyarka ta gaya maka laifinka ne, har ka ji kana son sake gwadawa. Da zarar ka fara jin cewa wasan ne ya cuce ka, to akwai gyara a gininsa.

Na biyu, yadda mataki ke koyar da kai ba tare da rubutu ba. Gwanayen masu tsara wasa kan nuna maka sabon abu a wurin da kuskure ba ya kisa, su sake kawo shi a bakin rami, sannan su haɗa shi da wani abin da ka riga ka iya. Kyan hoto da daɗin kiɗa suna ƙara armashi, ban raina su ba, amma hoto ne ke fara tsufa.

Idan guda ɗaya kacal zan buga, wanne ne?

Super Mario World. Rana ɗaya ya fito da na'urar a Japan, Takashi Tezuka ya ba da umarni, Shigeru Miyamoto ya jagoranci aikin, Koji Kondo ya yi kiɗan. An sayar da kwafi fiye da miliyan 20, wanda babu wasan da ya kai shi a wannan na'ura, ko da yake sayar da shi haɗe da na'urar ya taimaka ƙwarai.

Abin da ya sa na fifita shi shi ne yadda ya bar wa kowa gwargwadon ƙarfinsa. Sabon shiga zai bi hanya miƙe har gidan Bowser, babban abokin gaban Mario, ya gama, ya ji daɗi. Wanda ya ƙware kuma zai lura cewa a taswira wasu matakan ɗigo ne rawaya, wasu ja. Jan ɗigo yana nufin matakin yana da mafita biyu, ta biyun a ɓoye take, sau da yawa sai ka nemo makulli ka kai shi ramin makulli. Jimillar mafita 96 ce. A dajin Forest of Illusion ma, hanyoyin fili zagaye kawai suke yi da kai, ba za ka fita ba sai ka gano ɓoyayyiyar ƙofa. Daga irin waɗannan hanyoyi ake ɓullawa duniyar taurari mai matakai 5, daga can kuma zuwa matakai 8 na musamman, inda Tubular yake, matakin da ake ƙetarewa Mario na kumbure da iska yana shawagi a kan ramin da ba shi da ƙasa.

Sai mayafin da gashin tsuntsu ke ba shi. Ka yi gudu har Mario ya buɗe hannuwa, ka yi tsalle ya tashi sama, sannan ka riƙa danna baya daidai lokacin da ya fara sunkuyowa ƙasa. Idan lokacin ya yi daidai, iska za ta cika mayafin ya sake ɗagawa, kuma wanda hannunsa ya faɗa zai iya ratsa mataki guda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Babu wanda ya tilasta maka koyon wannan. An ajiye shi ne ga mai so.

A nan ne kuma Yoshi, dabbar da Mario ke hawa, ya fara bayyana. Abin da ya riƙe a baki ne ke sauya shi: ƙwaryar kunkuru ja ta sa ya tofa wuta, shuɗiya ta fito masa da fukafukai, rawaya ta sa ƙasa ta girgiza idan ya dira. Bayan haka yana zama kariya, domin idan aka taɓa ku shi ne zai ruga a guje, kai ka tsira lafiya.

Ana cewa Donkey Kong Country hoto ne kawai. Gaskiya ne?

Maganar tana da tushe, amma an wuce gona da iri. Kamfanin Rare na Ingila ne ya yi shi, ya fito a Nuwamban 1994. Sun sassaƙa birran da dazuzzukan a manyan kwamfutocin Silicon Graphics, sannan suka matse hotunan suka zuba a kaset. Mutane suka ga abin da ba su zaci tsohuwar na'ura za ta iya ba, a daidai lokacin da PlayStation ke shirin fitowa. Kwafi fiye da miliyan 9 aka sayar.

Inda masu suka suke da gaskiya: bos-bos ɗin wasan na farko, wato manyan abokan gaba da ake yaƙa a ƙarshen kowane yanki, ba su da wani zurfi, wasu ma maimaita su aka yi da sabon launi, kuma wasu ɓoyayyun ɗakunan babu wata alama da za ta kai ka gare su sai dace. Inda suka yi kuskure shi ne gudun wasan. Ka mirgina ka bi ta kan abokan gaba, saurinka na ƙaruwa, ka mirgina ka wuce bakin rami sannan ka yi tsalle kana tsakiyar iska. Wanda ya kama wannan salo zai ga matakan a kansa aka gina su. Matakin keken ma'adinai, Mine Cart Carnage, maɓalli ɗaya kawai kake dannawa a cikinsa, amma zuciya ba ta kwanciya har sai ka fita.

Na biyun, Diddy's Kong Quest na 1995, ya gyara kusan duk abin da aka soka, kuma a ganina shi ne mafi kyau a cikin ukun, har yana goga kafaɗa da Mario. Birai biyu, Diddy da Dixie, ake bugawa. Dixie tana juya gashinta ta sauko a hankali, ɗayansu na iya ɗaukar ɗayan ya jefa shi sama. Kowane ɗakin ɓoye yana da lada mai amfani, domin tsabobi 75 da ake samu a ciki da kuma wajen bos-bos su ke buɗe ɓoyayyiyar duniya. Ga gidan zuma mai danƙo da ake manne wa bangonsa, ga sarƙaƙiyar ƙaya da ake ratsawa ta cikin ganguna masu harba mutum, kuma kiɗan da David Wise ya ɗora a wannan matakin ƙaya mai sanyi ne ƙwarai, yana kwantar da hankali a wurin da ya fi ko'ina wuya. Na ukun, na 1996, wasa ne mai kyau da ya zo a makare, bayan hankalin jama'a ya koma kan Nintendo 64.

Yoshi's Island ci gaban Super Mario World ne?

A wajen Japan an rubuta masa Super Mario World 2 a kwali, amma wasa ne mai zaman kansa. Ya fito a 1995. Yoshi kake bugawa, Mario jariri ne goye a bayansa. Yoshi na haɗiye abokan gaba ya mai da su ƙwai, har shida na bin sa a baya, sai ka auna ka jefa, ƙwan ya daki bango ya karkata ya sami abin da ke can nesa. Babu agogon da ke korar ka, don haka kana da sararin leƙa kowane lungu. A kowane mataki akwai jajayen tsabobi 20, furanni 5 da taurari 30, wanda ya haɗa su ya sami maki 100.

Hotonsa kamar da fensirin kala aka zana, kuma shi ya sa bai tsufa ba. A cikin kaset ɗin akwai ƙarin ƙwaƙwalwa mai suna Super FX 2, wadda ke kumbura abubuwa, ta juya su, ta lanƙwasa su. Da ita aka yi bos ɗin da ake yaƙa ana zagaye ƙaramin wata, da kwaɗon da ke haɗiye ka ka yaƙe shi daga cikin tumbinsa.

Kukan jaririn nan fa? Ba ya damun mutum?

Yana damu, kuma da gangan aka yi. Idan aka taɓa Yoshi, jaririn zai tashi cikin kumfa yana tsala kuka, ƙirge na sauka, idan ya kai sifili a sace shi. Kukan ne ke sa ka bar duk abin da kake yi ka bi shi. Mai son sauƙi ya rage sauti, amma zai rasa kiɗa mai daɗi.

Super Metroid ya shiga wannan sahu?

Wasu na ware shi, ni ina saka shi. Ya fito a 1994 ƙarƙashin Yoshio Sakamoto. Babu mataki na ɗaya da na biyu, duniya ce guda, Zebes, mai rassa a ƙarƙashin ƙasa, kuma Samus Aran na shiga ita kaɗai. Za ka wuce ƙofa ja ko koriya da ba ka da makamin buɗe ta, ko wani tudu da tsallenka bai kai ba. Bayan sa'a guda ka sami abin da ya dace, sai wurin ya faɗo maka a rai ka koma.

Akwai wani wuri a yankin Brinstar da nake kafa hujja da shi a kan koyarwa ba da baki ba. Ka faɗa wani rami mai zurfi, babu hanyar fita, sai ga wasu ƙananan dabbobi uku suna tsalle daga bango zuwa bango suna haurawa. Babu wanda ya ce maka komai. Kana kallon su za ka gane cewa Samus ma tana iya yin haka, kuma tun farkon wasan take iyawa. Dabarar tana da wuyar kamawa: sai ka taɓa bango tana juyi a iska, ka danna ɓangaren da ya saɓa wa bangon, sannan ka danna tsalle bayan ɗan taƙi. Masu gaggawa kan danna biyun tare, shi ya sa take ƙi.

Wanda ba ya son ɓata hanya ko komawa inda ya baro, wannan wasa zai gajiyar da shi. Gara ya fara da wani.

A Mega Man X, wane bos zan fara da shi?

Chill Penguin. Shi ya fi sauƙi, kuma a tsakiyar matakinsa ake samun takalmin da ke ba X damar zabura da gudu, wanda ke sauya wasan gaba ɗaya. Capcom ta fitar da shi a Japan a Disamban 1993. Bos takwas ne, kowanne ka kayar ka gaji makaminsa, kuma kowane makami akwai wanda yake yi wa illa. Ƙanƙarar Chill Penguin na daskarar da Spark Mandrill, lantarkin Mandrill na fasa sulken Armored Armadillo, makamin Armadillo kuma na Launch Octopus ne. Haka zaren yake tafiya har ya zagayo.

Matakan ma suna shafar juna. Ka gama da Chill Penguin, narkakkiyar wutar da ke masana'antar Flame Mammoth za ta daskare ka taka ta lafiya. Ka kayar da Storm Eagle, jirginsa zai faɗo a tashar lantarkin Spark Mandrill wuta ta riƙa ɗaukewa. Kuma matakin buɗe wasan darasi ne: gada ta karye da kai, ka tsinci kanka a ƙasa tsakanin bango biyu, kana ƙoƙarin fita sai ka ga X ya manne a bango yana zamewa, ka sake danna tsalle ya haura.

Wanne ya fi wuya?

Super Ghouls 'n Ghosts na Capcom, 1991. Duka ɗaya sulken Arthur ya tarwatse, na biyu ya mutu. Idan ya bar ƙasa ba ka da ikon juya shi sai a tsalle na biyu da yake yi a iska, don haka kowane tsalle sai ka yi lissafi kafin ka danna. Ka sha wuya ka kusa ƙarshe, sai a ce ka koma farko ka nemo wani makami na musamman, ka sake ratsa wasan duka. Ba shi da wurin adanawa. Duk da haka ba na kiran sa azzalumi, domin ƙa'idarsa ba ta sauyawa, mai haƙuri zai haddace shi. Aibinsa na gaske shi ne yadda yake jan ƙafa idan abubuwa suka cika allo.

Wanda ke son irin wannan yanayi na dare da kufai amma da sassauci, ya nemi Super Castlevania IV na Konami, shi ma 1991. Simon Belmont na kaɗa bulalarsa ta fuskoki takwas, yana maƙala ta a zobe ya yi lilo ya ƙetare rami. A mataki na huɗu ɗaki ne sukutum ke juyawa kana rataye, da fasahar juya hoto ta na'urar da ake kira Mode 7.

Akwai wanda ya dace da yara, ko wanda mutum biyu za su buga tare?

Kirby Super Star na 1996, aikin Masahiro Sakurai a kamfanin HAL. A Turai sunansa Kirby's Fun Pak. Kirby na shawagi a iska yadda ya ga dama, saboda haka rami ba abin tsoro ba ne. Yana zuƙe abokin gaba ya kwafi baiwarsa, yana kuma iya mai da baiwar ta zama mataimaki, sai mutum na biyu ya ɗauki ɗaya hannun gem ɗin ya shiga nan take. Babba ya riƙe Kirby, yaro ya riƙe mataimaki, idan mataimakin ya mutu a sake fito da shi ba tare da wasa ya tsaya ba. Kaset ɗin wasanni ne da dama a haɗe, daga gajere mai sauƙi har zuwa kogon da ake farautar taskoki 60.

A Mario da Donkey Kong ma mutum biyu na bugawa, amma karɓa-karɓa ne.

Super Mario All-Stars sabon wasa ne?

A'a. Tarin wasannin Mario huɗu ne na NES, na'urar Nintendo da ta gabaci wannan, da aka sabunta wa hoto da sauti a 1993, aka ƙara musu damar adanawa. Ko don Super Mario Bros. 3 kaɗai ya cancanci a same shi.

Waɗanne ne masu kyau da ba a cika ambata ba?

The Lost Vikings na 1993, daga kamfanin da daga baya ya koma Blizzard. Mutum uku kake juyawa: Erik ne kaɗai ke gudu da tsalle, Baleog na da takobi da baka, Olaf na da garkuwar da ake fakewa a bayanta ko a taka ta a hau sama. Dole ukun su isa mafita da rai. Rabinsa tsalle ne, rabinsa wasa ƙwaƙwalwa.

Sai Demon's Crest na Capcom, 1994, wanda ɗan wasansa ke tashi da fukafukai yana manne wa bango, kuma ana komawa tsoffin matakai da sabon iko a tono abin da aka bari. Plok na 1993 ma yana da nasa salo, ɗan wasan hannuwansa da ƙafafunsa yake jifa da su, sai dai tsawonsa ya yi yawa ga wasan da ba a adanawa.

Ba Sega ce ta fi sauri ba?

Ƙwaƙwalwar Mega Drive, na'urar kamfanin Sega, na gudu a kusan megahaz 7.6, ta Super Nintendo ba ta wuce 3.58 ba, kuma Sonic na 1991 an gina shi ne don ya nuna wannan. Super Nintendo ta rama da yawan launi, da na'urar sauti ta Sony mai muryoyi 8, da hannun gem mai maɓallai huɗu a fuska da biyu a kafaɗa. Wasanninta sun fi karkata ga bincike da auna tsalle, na Sega ga gudu da zafin nama. Wanda ya so ɗaya babu abin da zai hana shi son ɗayan.

Ta yaya zan buga su yau?

Manyan hanyoyi halastattu uku ne. Ta farko, ainihin na'urar da kaset. Ta biyu, ƙaramar Super Nintendo da aka fitar a 2017 mai wasanni 21 a ciki, har da Super Mario World, Yoshi's Island, Donkey Kong Country na farko, Super Metroid, Mega Man X, Kirby Super Star, Super Castlevania IV da Super Ghouls 'n Ghosts. An daina ƙera ta, kuma jabunta sun yi yawa. Ta uku, tsarin Nintendo Switch Online, wanda ya fara kawo wasannin Super Nintendo a Satumban 2019, kuma Donkey Kong Country duka ukun suna ciki. Hanyoyi biyun ƙarshe suna barin ka adana a ko'ina, ka kuma mai da wasa baya idan ka yi kuskure. Shawarata, ka yi amfani da adanawar, amma ka rage mai da wasa baya, domin a maimaita wuri mai wuya ne hannu ke koyo.

Mai sayen ainihin na'urar ya lura da yanki. Kaset na Amurka siffarsa daban, na Japan da na Turai siffarsu ɗaya amma akwai kullen lantarki da ke hana su aiki a na'urar juna. Adaftar wuta ma haka: ta Japan an yi ta ne don bolt 100, ta Amurka 120, ta Turai 220 zuwa 240. Ka saka ta Japan a wutar 230 ba tare da abin rage ƙarfi ba, za ta ƙone.

Me ya sa nake jin tsallen na makara a talabijin ta zamani?

Ba hannunka ba ne. An yi waɗannan wasanni don tsohuwar talabijin mai ƙeya, wadda ke nuna hoto nan take. Ta zamani sai ta karɓi siginar, ta faɗaɗa ta, ta goge ta, sannan ta nuna. Wasan na sauya hoto sau 60 a daƙiƙa, don haka jinkirin hoto huɗu ko biyar ya isa ya jefa ka rami a matakin keken ma'adinai. Ka shiga saitin talabijin ka kunna yanayin gem, ka kashe duk abin da ke gyara hoto. Idan bai wadatar ba, akwai ƙananan na'urori da ake sakawa tsakani don mai da siginar ta HDMI ba tare da jinkiri ba.

Akwai kuma bambancin yanki. Na'urar Turai na tafiya a kan hoto 50 a daƙiƙa maimakon 60, saboda haka wasan da ba a daidaita shi ba yana tafiya da ragin kusan kashi 17 cikin ɗari, ga baƙin layi a sama da ƙasa. Wanda ya saba da na Turai zai ji na Amurka da Japan sun fi zafi a kwanakin farko.

Kaset ɗina yana aiki amma ba ya riƙe inda na tsaya. Ya lalace ke nan?

Galibi batiri ne. Super Mario World, Yoshi's Island, Donkey Kong Country, Super Metroid da Kirby Super Star duk suna da ƙaramin batiri mai siffar kwabo, CR2032, a cikin kaset, kuma shi ke riƙe abin da ka adana. Bayan shekara talatin da yawa sun mutu. Ana sauya shi, sai dai an liƙa shi da dalma, kuma buɗe kaset ɗin na buƙatar sukudireba ta musamman, don haka wanda bai saba ba ya kai wa mai gyaran kayan lantarki. Ka sani cewa cire tsohon batirin na goge duk abin da ya rage a ciki. Mega Man X da Super Castlevania IV ba su da wannan matsala, da kalmar sirri suke aiki, sai ka rubuta ta a takarda.

Idan kuma kaset ɗin ƙin tashi yake yi gaba ɗaya, kada ka hura masa iska da baki, danshin numfashi na sa haƙoransa tsatsa. Ka jiƙa auduga da sinadarin goge kayan lantarki, ka goge haƙoran gaba da baya har audugar ta daina yin baƙi, ka bar shi ya bushe sannan ka saka.